Taubashina, Daga Tsokana Zuwa Cin Ƙwallo

Ni gola ne. Na yi shekaru ina tsaron ragar ƙungiyar ƙauyenmu, wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi kudu da Mai Wurno. Mai tsaron raga ya fi kowa samun lokacin kallo, domin in wasa ya koma can gaba ba shi da aiki sai ya jingina da ƙarfe ya ga abin da mutane suke yi wa juna. Daga nan na kalli ƙwallon taubashina tun farkonta har ƙarshenta.

Ɗan kawuna ne, wato ɗan ƙanen uwata, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu. Kawu mai agashe ne, wato tsire, yana da tukuba kusa da tashar mota a Sinnar. Kullum yakan bi hafilar safe, wato bas, ya tafi, ya dawo da yamma yana warin hayaƙi da ƙuli. Mutum ne da zai wuni bai yi magana goma ba, sai ga ɗansa ya fito da baki. Taubashin nawa gajere ne, mai ƙafar baka, ba shi da gudun a zo a gani, kuma da muka shiga ƙungiya muna samari ba wanda ya san inda za a ajiye shi. Yawanci a gefen fili yake zama yana riƙe da jarkar ruwa.

Mai kula da ƙungiyar a lokacin wani malamin firamare ne da muke kira Ustazu. Ba biyansa ake yi ba, son abin ne kawai. Wata rana ya kai mu wasa wani ƙauye can cikin Jazira, muka tafi a bayan babbar mota muna tsaye. 'Yan kallon garin suka yi ta kiranmu Fallata, sunan da ake yi wa irinmu gori da shi, suna cewa mu koma inda muka fito, alhali kakannin kakanninmu a nan aka binne su. Mun saba jin haka, kuma mun saba yin shiru. Ana cikin wasa ɗan bayanmu ɗaya ya gurɗe, Ustazu ya duba gefe bai ga kowa ba sai taubashina, ya tura shi.

Ɗan gabansu dogo ne, ya riga ya ci ni ɗaya. Taubashina ya je ya tsaya kusa da shi, kansa bai wuce kafaɗar mutumin ba, ya fara yi masa magana da Larabci a hankali, kamar mai ba da labari. Ina jin wasu kalmomin daga raga. Yana tambayarsa ne ko takalmin nan na yayansa ne, don ya ga ya yi masa yawa, ko kuma ƙafar ce ta motse saboda tsoro. Bai daina ba har mutumin ya juyo ya sharara masa mari a gaban alƙalin wasa. Aka ba dogon jan kati, muka farke, muka ƙara ɗaya. A wasa na gaba Ustazu ya miƙa wa taubashina riga tun daga farko, ya ce masa, “Duk inda mai lamba taransu ya tahi, ka bi shi. Ko bayan gida ya shiga, ka tsaya mai bakin ƙohwa.”

Haka aikinsa ya zama, shekara da shekaru. Ya ƙware a kansa kamar yadda wani yake ƙwarewa a ɗinki. Yakan taka wa mutum yatsa lokacin da alƙali yake kallon wani wuri, ya ja masa wando, ya hura masa iska a ƙeya in ana jiran bugun kwana. In an ɗan taɓa shi kuwa ya zube yana birgima cikin ƙura. Amma babban makaminsa labari ne. Ranar kasuwa yakan bi Kawu Sinnar ya taya shi yankan nama, kunnensa na wurin masu ci. Kafin ranar wasa ya san wanda audugarsa ta lalace, da wanda ya faɗi jarrabawa, da wanda aka kama jakinsa a cikin hawashar maƙwabci, wato gonar da ake nomawa da ruwan tur'a, magudanar ban ruwa. Yana da Hausa da Larabci da ɗan Fulatanci, sai ya zaɓi wanda alƙali ba ya ji. Abu ɗaya da zan shaide shi, ban taɓa jin ya zagi uwar wani ko ubansa ba. Ba ya bukata.

Ba wanda yake sonsa. Abokan hamayya ba sai an faɗa ba. Alƙalai suna ganin sunansa suke ɓata rai. Abin da ya fi muni shi ne, mutanen garinmu ma ba sa sonsa. Sukan yi murna in an kori ɗan gaban wata ƙungiya, amma in an tashi daga fili sai ka ji dattawa a kan amalanken jaki suna cewa wannan ba wasa ba ne, rashin kunya ce, kuma yana jawo wa Hausawa baƙin jini a inda dama ba a rasa mai neman laifinsu. Mu 'yan ƙungiya muna cin moriyarsa, amma ba ma ba shi ƙwallo. Ba shawara muka yi ba. Kawai in ka ɗaga kai ka gan shi, sai ka nemi wani.

Ni kaɗai na san yana da ƙafa. In an tashi daga atisaye, kowa ya nufi kogi wanka, yakan ce, “Ɗan Gwaggo, tsaya in gwada ka.” Sai ya jera ƙwallo ya yi ta bugo min da hagu, ƙasa-ƙasa, kusa da ƙarfe, inda gola ya fi ƙi. Ba ƙarfi a bugun, amma ba ya nuna inda za shi. Na taɓa gaya wa Ustazu. Ya saurare ni yana goge tabarau da bakin jallabiyarsa, sannan ya ce, “Masu ci muna da su. Mai yin abin da shika yi ne ba mu da.” Ban sake tayar da maganar ba.

Abin da ya kawo ƙarshen wannan zamani ya faru ne a ƙarshen wata damina. Muna wasa da wani ƙauyen Hausawa da ke can gabanmu kaɗan a bakin kogi, mutanen da muke auratayya da su. Filinmu baƙar laka ce, kuma akwai sauran ruwa kwance a gefe ɗaya. Ɗan gabansu wani saurayi ne mai sanyin hali, wanda ko an ture shi ba ya ɗaga ido. Ya zame ya faɗa cikin ruwan nan, ya tashi jiƙe sharkaf. Taubashina ya tsaya a kansa ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, “Ashe ku gidanku ba a iya iyo ba?”

Saurayin bai mare shi ba. Ya dube shi, ya tuɓe rigarsa ya ajiye a ƙasa, ya fita daga fili ya kama hanyar garinsu da ƙafa. A daminar nan ƙanensa ya nutse a kogi, ya je ɗauko akuya daga tsibiri. 'Yan garinsu suka afka cikin fili da sanduna, wasu namu suka tare su, wasu kuma suka tsaya kallo. Ni na ja taubashina ta bayan makaranta na kai shi gida. Wasan bai ƙarasu ba.

Da yamma Kawu ya dawo, labari ya riga shi isowa. Ina tsakar gidan lokacin da ya shigo. Ya ajiye kwandonsa, ya wanke hannu, sannan ya kira ɗansa.

“Mi kac ce mai?”

Taubashina ya maimaita, kansa a ƙasa.

“Ka san da rasuwar?”

“Wallahi Baba ban sani ba.”

“Kai da kas san jakin kowa.”

Bai ƙara ba. Washegari ya ƙi zuwa Sinnar, ya sa ɗan a gaba, ya ɗauki limaminmu, suka tafi garin su saurayin ba da haƙuri. An karɓe su, an ba su shayi, uban yaron ya ce ya yafe. Shi saurayin bai fito ba, kuma bai sake buga ƙwallo ba. Yanzu yana da shagon kayan injin ban ruwa a Sinja, in sun haɗu da taubashina sukan gaisa, iyakarta ke nan. Har yau ban san ko taubashina ya san da rasuwar ba. Ya ce bai sani ba, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya a kan abu mai nauyi ba. Amma a garinmu ba wanda ya yarda, saboda dalilin da Kawu ya faɗa.

Kwamitin gasa ya dakatar da shi kaka guda. Bai jira ta ƙare ba. Lokacin yankan riɗi ya zo, ya bi ayarin 'yan ƙodago zuwa manyan gonakin Damazin, da aka gama yanka kuma bai dawo ba. Muka ji ya samu aiki a wani gareji da ke gyaran tarakta, yana kwana a Rusairis wurin wani ɗan'uwan uwarsa. Ya yi shekaru can, sai da salla yake leƙowa, ya kwana biyu ya koma. Ba ya zuwa fili, mu ma ba ma tambayarsa ƙwallo.

Kafin ya dawo gaba ɗaya abubuwa sun canza. Ciwon suga ya kwantar da Ustazu, ya bar ƙungiya. Ɗan gabanmu da muke ji da shi ya tafi arewa haƙar zinariya, wasu biyu suka bi shi. Ƙungiyar ta koma hannun wani baƙo da aka turo aiki tashar famfon ruwa, mutumin da ya taɓa buga ƙwallo a Madani yana saurayi. Koci muke ce masa. Ba ya jin Hausa, kuma bai san tarihin kowa ba. Taubashina ya dawo ne saboda Kawu ya fara gajiya, yana son mai kula da ɗan lambun ayabar da ya saya a bakin kogi. A lokacin ya haura talatin, ya yi aure a Rusairis, ya yi ɗan tumbi.

Wata la'asar ya zo fili da takalminsa a leda. Koci ya tambaye shi inda yake bugawa.

“Gaba,” in ji shi.

Wani daga cikinmu ya yi dariya. Kyaftin ɗinmu ya ja Koci gefe ya ba shi labari, har da na ruwan nan. Koci ya ji duka, ya ce, “Tamam. Amma ni ba ni da ɗan gaba. In kuna da wani ku kawo.” Ba mu da wani.

Wasansa na farko da wata ƙungiya ce da ta san shi sarai. 'Yan bayansu biyu tsofaffin hannu ne, kowannensu yana da tsohon haushi. Daga raga ina ganin yadda suke jiransa ya buɗe baki. Bai buɗe ba. Ya gaishe su kafin a fara, shi ke nan. Shirun ya dame su fiye da magana. Suka riƙa waiwayarsa, ɗaya har yana tsokanarsa don ya tanka. Ana haka aka bugo kwana, ƙwallo ta daki gwiwar wani ta faɗo, sai ga shi shi kaɗai a bakin ƙarfe na nesa, ya tura ta da gefen ƙafa. Ban ga lokacin da ya je wurin ba, su ma ba su gani ba. Bayan hutun rabin lokaci ya ƙara wata, ita ma ba kyau: golansu ya amayar da ƙwallo, ya same shi tsaye a gabansa kamar an aiko shi karɓa. Bai yi gudun murna ba. Ya juyo tsakiyar fili yana gyara safa.

Aka ce sa'a ce. Da ya ci gaba da ci aka daina cewa. Ƙwallayensa kusan duk iri ɗaya ne, daga kusa, a ƙasa, taɓawa ɗaya. Ba ya yanka mutum uku, ba ya bugowa daga nesa, da wuya ka ga ya yi gudu mai tsawo. Yakan yi kamar ya bar wasan, yana tafe a hankali a bayan ɗan baya, wani lokaci har cikin satar gida, sai a daidai lokacin da mutumin ya juya kai ya dubi ƙwallo, ya dawo taku biyu ya ɓulla ta inda ba a zata ba. Dole muka fara ba shi ƙwallo. A kakar nan shi ya fi kowa ci a gasar yankinmu, kuma muka hau rukuni na sama, abin da ba mu taɓa yi ba. Kaka ta gaba ma shi ne. Wata ƙungiya ta Sinnar ta ɗauke shi, ya yi mata kaka biyu yana zuwa a hafila ɗaya da Kawu, har aka sa shi cikin zaɓaɓɓun jiha. Mutum mai tumbi da furfura a gemu, yana zaune a benci ɗaya da yaran da ya girme wa nesa ba kusa ba.

Kowa da dalilin da yake bayarwa. Matar Kawu ta ce aure ne ya natsar da shi. Liman ya ce tuba ce. Ustazu, da na je gaishe shi yana kwance, ya ce tun asali ya san yaron zai iya. Koci ya ce shi bai ga wani abin mamaki ba, ya samu ɗan gaba ya sa shi a gaba.

Ni na tambaye shi da kansa wata rana da hantsi a lambu. Yana tsugune yana kwance bututun injin ban ruwa da ya toshe, ni ina riƙe masa da sufana.

“Ɗan Kawu, a Rusairis wa ya koya maka?”

“Ba kowa. Sun tambaye ni inda nika bugawa, nic ce gaba. Ba wanda ya san ni, sai sunka yarda.”

“To cin fa?”

Ya busa bututun, ya duba cikinsa. “Kai ka tuna shekara nawa niy yi manne da 'yan gaba? Duk wani mai ci da ke yankin ga, na tsaya kusa da shi tun daga hurin usur na hwarko har na ƙarshe. Ku kuna kallon ƙwallo, ni shi nika kallo. Na san inda sukan tsaya, na san lokacin da sukan tashi. Wanda ya kuɓuce min, sai in kwana ina tunanin ta ina ya bi.”

Na ce ai sauran 'yan baya ma suna bin 'yan gaba, ba su zama masu ci ba.

“Su ƙahwa suka kallo. Ni aikina in san lokacin da hankalin mutum ya bar jikinai. In za ka hwaɗa wa mutum magana ta shige shi, sai ka jira wanga lokaci. Shi ne dai lokacin da za ka wuce ta bayanai bai gani ba. Da can in na gane shi sai in yi magana. Yanzu sai in tahi.”

Ya karɓi sufanar ya ɗaure bututun. Can ya ƙara da cewa, ba tare da ya dube ni ba, “Kuma da ba ku ba ni ƙwallo.”

Na ce haka ne.

Ba zan ce ya zama wani mutum dabam ba. Yakan taka yatsa jefi-jefi in an matsa masa, kuma ya san yadda ake faɗuwa a samu fenareti. Mutanen garinmu sun yi ta ihun sunansa a fili, an taɓa ɗaga shi a kafaɗa ranar da muka hau rukuni, amma a wurin shan jabana, wato gahawa, bayan Juma'a ba a cika matsa masa wuri ba, shi ma ba ya nema. Waɗanda suka fi sonsa yara ne da ba su ga zamaninsa na farko ba, da baƙin Sinnar.

Gwiwa ce ta tsayar da shi. Ta riƙa kumbura bayan kowane wasa, har wani likita ya ce masa ya zaɓa tsakanin ƙwallo da tafiya da ƙafarsa in ya tsufa. Ya dawo ƙungiyarmu ya yi rabin kaka yana shiga a ƙarshen wasa, sannan ya daina zuwa, ba sanarwa ba walima. Da aka mayar da Koci wani gari, aka roƙe shi ya riƙe ƙungiyar. Ya gwada 'yan makonni ya bari. Ya ce yana gaya wa yara su tsaya nan, su tashi yanzu, su kuma suna tambayarsa ta yaya za su san yanzun ta yi, shi kuwa bai san yadda zai nuna musu ba.

Daga baya yaƙi ya matso, gasa ta tsaya, makarantar da ke gefen fili ta cika da mutanen da suka gudo daga Jazira. Mu ma mun bar gari na wani lokaci, muka dawo. Kawu ya rasu a tsakanin nan. Yanzu samari sun fara taruwa da la'asar, ba riga iri ɗaya, ba alƙali. Ni nakan je in zauna. Taubashina yakan biyo da amalankensa in ya taso daga kai ayaba bakin titi, ya tsayar da jakin a kusurwar fili ya yi kallo daga zaune, ƙafar mai ciwon a miƙe. Kafin a tashi yakan kaɗa jakin ya gangara kogi, don ya kashe injin kafin ruwa ya yi wa albasar da ya shuka a gefen ayaba yawa.